A gwada direba da irin motar da zai tuƙa

A cikin rukunonin lasisin tuƙi na Najeriya akwai wani da ba kasafai ake jin labarinsa ba. Kowa ya san rukunin A na masu babur, da rukunin B na ƙananan motoci wanda shi ne a aljihun yawancinmu, direbobin tirela kuma sun san rukunin G. Can ƙasa kuwa akwai rukunin J, wanda dokokin hanya suka keɓe wa masu nakasa a jiki. Kasancewarsa a rubuce yana nuna cewa tun da daɗewa hukuma ta yarda wanda ƙafarsa ta shanye, ko aka yanke masa ita, yana iya zama halastaccen direba muddin an gyara masa mota yadda za ta bi umarnin gaɓoɓinsa masu lafiya. Abin da aka bari a baya shi ne share hanyar da mutum zai bi ya kai ga wannan lasisi, kuma inda hanyar ta fi toshewa shi ne wajen jarrabawar tuƙi. Ra'ayina a nan shi ne a gwada kowane direba da irin motar da zai riƙa tuƙawa, a duba gyaran da aka yi mata tun kafin a tayar da ita, sannan a rubuta wannan gyara a jikin lasisinsa.

Ya kamata mai karatu ya fara sanin yadda irin wannan mota take, domin mutane da yawa da ke tsoron ta ba su taɓa leƙa cikinta ba. Galibi ana zaɓar mota otomatik, saboda babu kuloci a cikinta, abin da ya rage wa ƙafa shi ne totur da birki kawai. Sai a ɗaura wani sandan ƙarfe a gefen sitiyari, mai mariƙi daidai tafin hannu, a haɗa shi da totur da birkin ta ƙasa. A tsarin da ya fi yaɗuwa, idan direba ya jawo mariƙin zuwa ƙirjinsa mota ta ƙara wuta, idan ya tura shi gaba ta tsaya. Akwai hikima a cikin wannan zaɓi, domin duk lokacin da mota ta ci birki jikin mutum gaba yake tafiya, don haka nauyinsa ƙara danna birkin yake yi maimakon ya sake shi. Tunda hannu ɗaya ya tafi ga wannan aiki, ɗayan ne kaɗai ke riƙe da sitiyari, sai a maƙala wa sitiyarin wani ɗan dunƙule da ake kamawa a juya shi gaba ɗaya ba tare da an saki ba. Wanda kuma ƙafar dama kaɗai ya rasa ba ya buƙatar duk wannan, ana mayar masa da totur ɓangaren hagu ne, ya ci gaba da tuƙi da ƙafarsa mai lafiya.

Wannan fasaha ta girmi 'yancin kan ƙasarmu. Franklin Roosevelt, wanda ya shugabanci Amurka daga 1933 zuwa 1945, ƙafafunsa sun shanye tun 1921, amma yana tuƙa kansa a cikin wata Ford ƙirar 1936 da aka mayar wa totur da birki da kuloci hannu, motar tana nan a gidan tarihinsa da ke Hyde Park. Alex Zanardi, ɗan tseren motoci na Italiya, ya rasa ƙafafunsa biyu a hatsarin da ya yi a Jamus a 2001, ya dawo fagen tsere da motar da aka mayar wa totur hannu, har ya ci gasa a 2005 a tsakiyar masu ƙafa biyu. Saboda haka tambayar ko hannu zai iya aikin ƙafa a mota an daɗe da amsa ta.

Mu a Arewa mun fi kowa dalilin damuwa da wannan batu. Cutar shan inna ta daɗe a wurinmu fiye da yadda ta daɗe a kusan ko'ina a duniya. An dakatar da allurar rigakafinta a Kano a 2003, ba a koma ba sai tsakiyar 2004, kuma cutar ta sake bazuwa a wannan tsakani. Sai a 2016 aka ga na ƙarshe da ƙwayar cutar ta asali ta kama a Borno, a watan Agusta na 2020 kuma aka tabbatar da cewa nahiyar Afirka ta rabu da ita. An yi murna, kuma ta cancanci a yi, sai dai yaran da cutar ta shanye wa ƙafa a 2003 da 2004 yanzu sun haura shekara ashirin, wato sun wuce shekara 18 da doka ta gindaya don karɓar lasisi. Wasunsu sun gama jami'a, wasu suna kasuwanci a Kwari da Sabon Gari, wasu sun yi aure suna da 'ya'yan da za a kai makaranta da safe. Ga kuma waɗanda hatsarin babur ya raba da ƙafa, da waɗanda ciwon sukari ya sa aka yanke wa, da sojoji da fararen hula da bama-bamai suka nakasa a Arewa maso Gabas. Duk wanda ke zirga-zirga a Kano ya saba ganin baburan da aka ƙara wa ƙafa suka zama masu taya uku, waɗanda guragu ke ƙera wa junansu a shagunan walda. Mutanen da suka iya ƙera wa kansu abin hawa ba su jira izinin kowa ba kafin su hau titi, kuma ba za su jira ba idan hali ya kai su ga sayen mota.

To, bari mu bi matakan lasisi yadda suke a tsare, mu ga inda mai irin wannan mota zai tsaya. Sabon direba yana farawa ne da makarantar koyon tuƙi wadda Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, ta amince da ita, ya cika aƙalla awa 26 na darasi, a ba shi takardar shaida. Daga nan sai jami'an duba lafiyar ababen hawa, waɗanda muka fi sani da VIO, su gwada shi. Idan ya ci, ya biya kuɗi ta hannun hukumar tattara haraji ta jiha, FRSC ta ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa, a ba shi lasisin wucin gadi kafin na dindindin ya fito. Tun a matakin farko ake samun cikas, domin motocin da makarantunmu ke koyarwa da su na masu ƙafa biyu ne, da yawa ma masu giyar hannu ne da ke buƙatar kuloci. Ɗalibin da ba shi da ƙafar takawa ba shi da abin da zai koya a cikinsu, kuma idan babu takardar makaranta babu zancen zuwa mataki na biyu.

Wani maƙwabcinmu tela, wanda shan inna ta kama tun yana goye, ya sayi tsohuwar Toyota otomatik, wani mai walda ya ɗaura masa sandan hannu. Na raka shi wata makarantar koyon tuƙi domin ya yi rajista. Mai makarantar ya fito ya zagaya motar, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin sitiyari, ya jijjiga ƙarfen da hannunsa, sannan ya miƙe yana kaɗe gwiwa. Ya ce, "Malam, wallahi aikin ya yi kyau, amma ni yarana ba su san wannan abin ba, kuma motarka ba ta da birki a ɓangaren malami. In ka rikice a titi, wa zai tsayar da ita?" Telan ya ce, "Ranka ya daɗe, ai ga birkin hannu nan a tsakaninmu, kuma a fili za mu fara." Mutumin ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya rage murya ya ce abin da ya fi sauƙi shi ne a biya kuɗin makaranta, a cike masa awanninsa a takarda, shi kuma ya je ya koya a inda ya ga dama. Ban ga mugunta a fuskar mutumin ba, taimako yake ganin ya yi. Amma taimakon nasa ma'anarsa ita ce a saki direba a titi da na'urar da babu wani masani da ya duba, da hannun da babu wanda ya gwada.

Wannan shi ne abin da ke ba ni tsoro, kuma shi ya sa ban yarda da masu cewa a sassauta wa nakasassu jarrabawa don tausayi ba. Tausayin da zai sa a ba mutum lasisi ba tare da gwaji ba cutarwa ce gare shi da ga yaron da zai tsallaka titi a gabansa. Ban kuma yarda da masu cewa a hana su gaba ɗaya don kare rayuka ba, domin hanin ba ya cire su daga titi, lasisin kawai yake cirewa daga aljihunsu. Jarrabawar da ake yi wa kowa ita za a yi musu, da tsaurinta, bambancin kawai a wace mota za a yi ta.

Hujjar cewa a yi ta a motar da aka gyara a fili take. Manufar jarrabawa ita ce a tabbatar mutum zai iya sarrafa abin hawa a cikin jama'a, ya tsaya lokacin da ya kamata, ya juya, ya yi baya, ya karanta alamun hanya. Idan aka ɗora shi a motar da ba zai taɓa tuƙawa ba, sakamakon ba zai gaya mana komai game da ranar da zai fito da tasa ba. Tela da ya saba da keken ɗinki na hannu, in kana son sanin gwanintarsa ba za ka zaunar da shi a kan na ƙafa ba, ɗinkin za ka duba. Bugu da ƙari, na'urorin hannu ba iri ɗaya ba ne. Tsawon sanda, da ƙarfin da ake buƙata kafin birki ya kama, da ɓangaren da aka ɗaura mariƙi, duk ana daidaita su ne da jikin mai motar, don wanda hannunsa na hagu ya fi ƙarfi ba zai yi amfani da abin da aka yi wa na dama ba. Ko da ofishin VIO ya sayi mota guda mai sandan hannu ya ajiye, ba za ta dace da kowa ba, kodayake samun ta ya fi rashinta nesa ba kusa ba, musamman ga wanda bai kai ga sayen tasa ba tukuna.

Masu adawa da wannan suna da magana ɗaya mai nauyi, ita ce wadda mai makarantar nan ya faɗa: jami'in da zai zauna a gefe ba shi da birkin kansa, kuma bai san amincin ƙarfen da wani ya ƙera a bakin titi ba. Gaskiya ne, kuma bai kamata a yi wasa da ran ma'aikaci ba. Na ga irin wannan gyara da aka yi da rodin gini da ƙusa mai noti ɗaya, wanda idan notin ya kwance a kan gudu babu abin da zai haɗa hannun direba da birki. Akwai wanda sandan ke gogar gwiwa, akwai wanda ke maƙalewa idan an jawo shi har ƙarshe, mota ta yi ta ƙara wuta ita kaɗai. Amma maganin wannan ai aikin VIO ne na asali, tunda su ne doka ta ɗora wa duba lafiyar abin hawa. Kafin ranar jarrabawa a kawo motar a duba ta: shin totur yana komawa da kansa idan an saki mariƙi, shin birki yana kamawa har ƙasa ba tare da sanda ya lanƙwashe ba, shin kowace mahaɗa tana da makullin da zai hana ta kwancewa, shin an bar totur da birkin ƙafa yadda makanike ko wani ɗan gida zai iya tuƙa motar. Motar da ta faɗi wannan bincike a mayar da ita gareji, ba a fara jarrabawa da ita ba. Ƙasar nan ta riga ta ga illar gyaran da babu mai dubawa a wani fannin. Bayan cire tallafin man fetur a 2023 mutane sun yi ta mayar da motocinsu masu amfani da iskar gas, a watan Oktoba na 2024 kuma wata mota ta tarwatse a gidan mai a birnin Benin saboda tukunyar da aka saka mata ƙirar mai walda ce. Darasin da aka ɗauka a can shi ne a tantance masu yin aikin a kuma duba abin da suka yi, babu wanda ya ce a daina gyaran.

A nan ina ganin bai kamata a kori masu waldarmu daga wannan sana'a ba. Na'urar da ake shigowa da ita daga waje tana da tsada ga wanda da ƙyar ya haɗa kuɗin tsohuwar mota, kuma idan ta lalace babu kayan gyaranta a kusa. Abin da ya fi dacewa shi ne a fitar da ƙa'idar ƙira mai sauƙin fahimta, da kaurin ƙarfen da za a yi amfani da shi da irin mahaɗar da aka yarda da ita, a horar da wasu garejoji a kowace jiha a ba su shaida. Kwalejojin fasaha da muke da su a Kano da Kaduna suna da sassan injiniyan inji da za su iya wannan aiki, kuma ƙungiyoyin guragu da suka shekara suna ƙera kekuna da babura sun fi kowa sanin inda ƙarfe ke karyewa.

Sai batun abin da za a rubuta a lasisi, kuma a nan tsarin Birtaniya ya cancanci a duba shi. A can ana barin mutum ya zo jarrabawa da motarsa idan ta cika sharuɗɗa, ciki har da inshora da ƙarin madubi na mai jarrabawa, ana kuma ware wa mai nakasa ƙarin lokaci domin a tattauna gyaran da ke motar da kuma shiga da fita. Idan ya ci, sai a buga lambobi a bayan lasisinsa. Lamba 78 tana nufin otomatik kaɗai zai tuƙa, 20 tana nufin birkin da aka sauya, 25 totur da aka sauya, 40 kuma sitiyari. Duk ɗan sandan da ya juya katin ya san irin motar da aka yarda wannan mutum ya tuƙa. Harafin J shi kaɗai ba ya ɗauke da wannan bayani, ya tara mai ƙafa ɗaya da marar ƙafa da mai hannu ɗaya a ƙarƙashin inuwa guda, alhali abin da kowannensu ke buƙata daban ne. Rubuta gyaran yana kare jama'a, domin wanda aka gwada da sandan hannu ba zai ari motar da ba ta da shi ba. Yana kuma kare direban kansa a shingen bincike, inda a yau jami'in da ya leƙa ya ga sandunan dogarawa a kujerar baya da baƙon ƙarfe a gefen sitiyari yake yanke hukunci da ra'ayinsa. Haka nan idan tsautsayi ya faɗa, katin ne zai hana a ɗora masa laifi tun kafin a auna wanda ya shiga hannun wani.

A cikin jarrabawar kanta akwai wuraren da ya kamata jami'i ya fi zuba ido, kuma ba su ne waɗanda ya saba ba. Tsayawar gaggawa tana gaba da komai, a ga ko hannu zai kai birki ƙarshe da sauri alhali ɗayan yana riƙe da mota a kan layinta. Sai shatale-tale, inda direba zai kunna sigina yana juya sitiyari yana kuma rage gudu, ayyuka uku da hannu biyu, wanda shi ya sa gyara mai kyau ke kawo makunnin sigina kusa da mariƙi. Sai yin baya, domin mai waiwaye yakan jawo abin da ke hannunsa ba da niyya ba, a wannan mota kuwa jawowa ƙarin wuta ne. Jami'in da bai taɓa zama a bayan irin wannan sitiyari ba ba zai san ya duba waɗannan ba, zai ɓata lokacinsa yana kallon yadda mutumin ya sauko daga keke ya hau kujera, abin da ba shi da alaƙa da tuƙi. Horon kwana kaɗan ga jami'i biyu ko uku a kowace jiha zai wadatar a farko, tunda masu zuwa ba za su yi yawan da za su cika layi ba.

Na san wani zai ce duk wannan dogon turanci ne a ƙasar da kowa ya san ana samun lasisi ta hannun dillali ba tare da an taɓa sitiyari a gaban jami'i ba. Wannan ɓarna ce da ta shafi kowa, amma ba ta faɗa wa kowa daidai ba. Mai ƙafa biyu da ya sayi lasisi yana sajewa da sauran direbobi, babu mai sake tambayarsa. Mai nakasa kuwa jikinsa da motarsa suna bayyane a kowane shinge, shi ne aka fi tsayarwa, shi ne kuma ya fi buƙatar takardar da za ta tsaya masa da gaske. Shi ya sa da yawansu suke son a gwada su, abin da ba kasafai ake ji daga bakin sauran masu neman lasisi ba.

Doka ma tana bayansu. A watan Janairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar haramta nuna wa masu nakasa bambanci, wadda ta tanadi tarar naira miliyan ɗaya ga kamfani ko hukuma, da naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga mutum ɗaya. Dokar ta ba da wa'adin shekara biyar a daidaita gine-ginen jama'a da ababen sufuri, wa'adin ya cika a Janairun 2024, a ƙarƙashinta kuma aka kafa Hukumar Kula da Masu Nakasa ta Ƙasa a 2020. An fi maida hankali ga gangaren hawa bene da gurbin aiki na kashi biyar cikin ɗari, amma a ganina lasisin tuƙi yana cikin abubuwan da suka fi saurin canza rayuwar mutum. Wanda ba ya iya tsayuwa a bakin titi yana kokawar shiga A Daidaita Sahu, motarsa ce ke kai shi wurin aikin da dokar ta yi masa alkawari. Gwamnatocin jihohinmu sun sha hana bara a tituna, Kano ta yi haka tun 2013, suna cewa nakasassu su nemi sana'a. Tuƙi sana'a ce, kuma ita ce ke ɗaukar kayan wasu sana'o'in zuwa kasuwa.

Tunda ofisoshin VIO na jihohi ne, kowane gwamna ko kwamishinan sufuri zai iya farawa ba tare da jiran Abuja ba: ya ware rana guda a wata don duba motocin da aka gyara da gwada masu su, ya sanar a rediyo, ya kuma tallafa wa makaranta ko da ɗaya ce a babban birnin jiha ta mallaki mota otomatik mai sandan hannu da birkin malami. Abin da ya rage a hannun FRSC shi ne ta yarda a lissafa awannin da ɗalibi ya yi a motarsa da aka duba a cikin awa 26 ɗin nan, ta kuma buɗe gurbi a jikin katin lasisi inda za a rubuta irin gyaran da aka gwada shi da shi.